Kumburin da Suka Kira Ƙiba

Gidan da ƙanwata ke aure gidan mutunci ne, haka duk unguwa ke faɗa. Ba a jin ihu, ba a jin zagi, ƙofarsu kullum a share take. To ni na shiga cikinsa na ga abin da tsintsiya ba ta fitarwa, kuma zan faɗe shi ko da za a daina kawo min ɗinki. Ni tela ce, ina da 'yar rumfa a bakin kasuwa. Mutane na cewa bakina ya fi almakashina kaifi, ban kuma taɓa musawa ba.

Ƙanwata ita ce ƙaramarmu, Auta muke ce mata har ta girma. Ita kam ko yatsa ka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai taka gida ba. Gidan yana hannun wansa, wanda ke da shagon kayan masarufi a jikin ƙofar gidan, sai uwarsu, tsohuwa mai zama a tsakar gida tana lura da shigar kowa da fitarsa. A nan Auta ta haifi 'yarta ta fari, wadda muka laƙaba wa Ƙyalƙyal, don ko atishawa ka yi sai ta ƙyalƙyale da dariya.

Ba ta cika shekara biyu ba ƙyanda ta kayar da ita. Ƙyandar na tafiya gudawa ta karɓa. Kafin mu ankara yarinya ta zube, wuya ya yi tsawo, riga ta yi mata yawa, dariyar nan ta koma ɗan murmushin da sai an roƙa. Na rufe rumfa na raka su asibitin yara.

Wanda bai taɓa zuwa asibitin nan ba bai san yawan yaran da ke ciwo a duniya ba. Shi kaɗai ne na yara a duk yankin, saboda haka mata ke tahowa daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, wasu a mota, wasu a bayan babur, wasu a ƙafa da goyo. An yi musu doguwar rumfa da bencina, an zana giwa da kifi a bango don a rarrashi masu kuka. A can ƙarshe aka rataye sikeli da baho a ƙarƙashinsa, nan ake ɗora yaro tsirara yana tsala ihu. Mai kula da awon wata Sista ce doguwa mai gilashi, wadda ba ta da lokacin wasa amma hannunta na da taushi. Ta auna Ƙyalƙyal, ta naɗa mata wani ɗan zare mai faɗi a damtse, mai launi uku: kore, rawaya, ja. Ya tsaya can cikin ja.

"Tamowa ce," in ji Sista. "Amma kun zo da wuri. Bari mu ga ko tana iya ci."

Ta yaga wata 'yar leda mai ɗauke da kwaɓin gyaɗa da madara, ta miƙa wa Auta. Ƙyalƙyal ta lasa, ta yamutsa fuska, ta sake lasa, sai ta cafke ledar da hannu biyu. Muka yi dariya, har da Sista.

"Ki saurare ni da kyau," ta ce wa Auta. "Wannan magani ne, ba abincin gida ba. Nata ne ita kaɗai. Duk mako ki kawo ta a auna, ki zo da ledojin da ta shanye, mu ba ki na wani makon. Ranar da zaren nan ya kai kore mun sallame ku, sai mu koma kan wani yaron. In Allah ya so ba zai daɗe ba."

Ko sisi ba su karɓa ba. Muka fito da jaka cike, ina ta sa musu albarka a hanya kamar ni aka yi wa magani.

Wan mijinta, Mai Shago, muka fara cin karo da shi a ƙofar gida. Ya leƙa jakar, ya zaro leda ɗaya, ya jujjuya ta.

"Ai wannan ba a ajiye shi a ɗaki," ya ce. "Ga ɓeraye, ga zafi. Kawo in adana miki a shago, kullum ki zo ki karɓa."

Na ce, "Ɗakinta akwai akwati mai makulli."

"Tela, ke dai ki ji da allurarki."

Tsohuwa ta ɗago murya daga tsakar gida: "Ba shi mana! Wa ya fi shi sanin ajiya a gidan nan?"

Auta ta sunkuyar da kai ta miƙa. Haka aka ba kura ajiyar nama da rana tsaka, ina tsaye ina kallo.

Abin da ban gani da idona ba daga nan, Auta ce ta faɗa min tana share hawaye da gefen zane. Kwanakin farko yana ba ta yadda ta nema. Sai Tsohuwa ta ce a kawo ta ɗanɗana, don ita ba ta yarda a ba jikarta abin da ba ta san ɗanɗanonsa ba. Ɗanɗanon ya yi mata daɗi, ya koma abin shafawa a burodi duk safiya. 'Ya'yan Mai Shago suka gani suka sa kuka, aka ce ai duk 'ya'ya ne. Daga nan masu dakon kaya a tashar mota suka ji labarin wani abu mai riƙe ciki tun safe har yamma, suka fara tsayawa a shagon. Mai Shago ba wawa ba ne. Ya kafa musu doka: a nan za ka sha, ka jefa ledar a bokiti. Ranar awo sai ya tattara ledojin ya miƙa wa Auta, cif, babu wadda ta ɓace. Sista na ganin ledoji, ba ta ganin bakin da ya sha.

Rabon Ƙyalƙyal ya koma ɗaya a wuni, wata rana rabi. Da Auta ta yi ƙarfin hali ta ce, "Yaya Babba, Sista ta ce nata ne ita kaɗai," sai ya kalle ta kamar ta zage shi.

"Gidan nan wa ke ciyar da shi? Shinkafar da kike ci daga ina take fitowa? In uwa ta ƙoshi ai 'ya ta ƙoshi. Kuma kayan nan kyauta ake rabawa, ba a gonar uban wani aka nomo shi ba."

Tsohuwa ta ɗora nata: "Mu da muka raini 'ya'ya babu leda, ga su nan ƙatti. Yaran yanzu dai sai iyayi."

Auta ta kira mijinta a waya. Ana jin ƙarar mota a bayansa ya ce, "Ki rufa min asiri, kada ki haɗa ni da yayana. In na dawo zan duba." Shi ke nan abin da uban yarinya ya iya.

Duk da haka, Allah da ikonsa, yarinyar nan ta so ta rayu. In sun taso daga asibiti Auta kan biyo ta rumfata, in dafa ƙwai, in haɗa madara, mu ba ta. Ɗan abin da ta samu jikinta ya riƙe. Wani mako zaren ya fita daga ja ya shiga rawaya. Sista ta tafa hannu ta ce, "Sannu da ƙoƙari, uwar 'ya! In ta ci gaba haka, kwanan nan mu sallame ku." Auta ta koma gida da murna, ta faɗa a tsakar gida kowa na ji. Baiwar Allah, ta ɗauka albishir take yi.

Washegari tana wanki a bayan katangar shago ta ji Mai Shago na cewa uwarsa, "Inna, kin ji fa. In suka sallame ta, shi ke nan leda ta yanke."

Tsohuwa ta ce, "Ni dai na ga abin nan yana ɗaure mata ciki. Yaro ba ya mutuwa don an wanke masa ciki."

Daga ranar aka fara jiƙo. Wasu ganyaye ne masu ɗaci da ake ba babban mutum in cikinsa ya ɗaure. Duk ana gobe awo, sai Tsohuwa ta jira Auta ta shiga ɗakin girki, ta ɗauki jikarta ta kwantar a cinya, ta matse mata hanci ta ɗura mata. Yarinya ta wuni tana zawo, ta wayi gari kamar tsumman da aka matse. Zare ya koma ja, jaka ta dawo cike. Kaka ce fa, wadda ta haifi uban yarinyar. Na sha jin mugunta, amma wannan ko a bakin mahaukaci ban taɓa jin irinta ba.

Suka kuma toshe sauran ƙofofin. Tsohuwa ta ce ƙafarta na son motsi, ita za ta riƙa raka Auta asibiti. Ta zauna kusa da ita, duk tambayar da Sista ta yi ita ke amsawa: tana ci sosai, jikinta ne dai ba ya karɓa, haka ubanta ma ya yi yana ƙarami. Biyowa ta rumfata kuma aka hana, wai matar aure ba ta yawon kasuwa. Mai Shago ya tare Auta a zaure ya ce mata a hankali, "Katin asibitin nan da sunan wa? Wa ke karɓowa? To in magana ta fita, ke za a kama, ba ni ba."

Da na ga shiru ba su biyo ba, na je gidan da kaina.

"Inna, sannu da gida."

"Yauwa tela. An rasa ɗinki ne yau?"

"Ɗinki na nan. Maganin yarinya na zo tambaya."

"Wane magani?"

"Wanda kike shafawa a burodi."

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa duka ba. Na faɗi abin da ke raina, na ƙara da wanda ban shirya ba. Mai Shago ya shigo yana huci, ya ce in na sake taka ƙofar gidansa ƙanwata ta bi ni da kayanta, amma 'ya ta gidan ce, ba inda za ta. Auta ta riƙe min zane tana roƙo, "Yaya, don Allah ki tafi, za ki ja min." Na tafi, amma ban tafi gida ba. Asibiti na wuce, na jira Sista ta gama da layi, na zayyana mata komai.

Ta cire gilashinta ta goge. "Na yi zargin haka," ta ce. "Yaron da ke shan abin nan yadda ya kamata ba ya komawa baya. Ranar awo mai zuwa zan raba ƙanwarki da tsohuwar, in ba su gado ita da 'yar. A ɗakin kwanciya uwa kaɗai ake bari."

Na koma da sanyin zuciya. Ashe ana wata ga wata.

A cikin makon nan ƙafafun Ƙyalƙyal suka fara cika. Bayan ƙafa ya taso, ya yi sheƙi, sannan hannuwa, sannan kumatu. Tsohuwa ta gani ta kira ɗanta. Suka tsaya a kan yarinya suna kallo, ba tausayi ya kama su ba, tsoro ne ya kama su.

"Inna, ƙiba take yi," in ji Mai Shago. "Wa ke ba ta abinci a ɓoye?"

Aka binciki ɗakin Auta, aka ɗaga katifa, ba a sami komai ba. Ya ce in aka ɗora ta a sikeli haka, a ranar za a sallame su. Saboda haka ranar awo ba a kai ta ba. Tsohuwa ta je ita kaɗai da kati da ledoji, ta ce yarinya na barci. Sista ta ce ba a bayarwa sai an ga yaro. Da yamma asibiti suka turo mata biyu masu bin gida-gida in an rasa yaro a layi. Mai Shago ya tare su a ƙofa da fara'a, ya ba su ruwan sanyi, ya ce uwa da 'ya sun yi tafiya ganin dangi. Suna wannan magana Ƙyalƙyal na kwance bayan bango ɗaya tak. An janye har rabin ledar da ake ba ta, jiƙo kuma ya koma kullum, wai don ta ɗan sauka kafin mako mai zuwa.

Matan nan biyu ne suka biyo ta rumfata, don na bar wa Sista kwatancen inda nake. Da suka ce an ce ƙanwata ta yi tafiya ganin dangi, na ce wane dangi, bayan ni ce dangin? Na bar rigar mutane a ƙarƙashin allura na fita.

Ban yi sallama ba. Na iske yarinyar a kan tabarma, ido a buɗe amma ba ta kallon kowa. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi, fatar cinyarta na saɓulewa. Na kira sunanta, na yi atishawar ƙarya, ko gira ba ta ɗaga ba.

"Ga ta nan, kalle ta da kyau," in ji Tsohuwa. "Ke da kika ce muna hana ta abinci. Dubi kumatu, dubi ƙafa tuɓul-tuɓul. Wanda ake hana abinci haka yake?"

Na sunkuya na ɗauki yarinyar na ce, "Auta, taso." Mai Shago ya tafi saro kaya, Allah ya taimake shi, don da ya tare ni ranar da sai an raba mu da ƙyar. Auta ta biyo ni ko takalmi babu. Tsohuwa ta biyo mu tana tsinuwa, amma ba ta manta ta ɗauko kati da jakar ledoji ba.

Sista na hango mu ta bar abin da take yi. Ba ta ko kai ta sikeli ba. Ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar yarinyar, ta ɗan riƙe, ta ɗaga. Rami ya zauna a wurin kamar an danna kwaɓin fulawa, bai taso ba.

"Ai ƙiba ce, 'yar nan," in ji Tsohuwa. "Mu ma mun yi mamaki."

"Ruwa ne, Inna," Sista ta ce. "Jikinta ne ya gaji ya fara tara ruwa. Wannan shi ne ƙarshen tamowa. Tun yaushe take haka?"

Sista ta rungumi yarinyar ta ruga ciki, Auta na bin ta. Tsohuwa ta tashi za ta shiga, mai gadi ya tare ta ya ce uwa kaɗai. Sai ta juyo wajen teburin ta ce, "To na wannan makon fa?" Aka ce mata wanda ke gado a nan yake ci. Ta tafi tana gunaguni cewa ma'aikatan yanzu ba su da kunya.

Zan faɗi gaskiya a kan asibitin nan, don kada haushi ya sa in manta alheri. Sun yi iya yinsu. Ɗakin cike yake da gadaje, kowanne da gidan sauro da bargo, don yaran nan sanyi kaɗai na iya tafiya da su. Suka sa mata siririyar roba ta hanci suna ba ta madara tsararo kaɗan-kaɗan, saboda cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar abinci da yawa lokaci ɗaya. Likitar wata matashiya ce mai jajayen idanu don rashin barci, kullum sai ta tsaya a gadonmu fiye da sauran. Matan ɗakin, waɗanda ba su san juna ba sai a nan, suna ara wa juna sabulu, suna riƙe wa juna yara in ɗaya za ta yi wanka. Ni an bar ni ina shiga lokacin ziyara. A gabana yaron gadon kusa, wanda aka kawo kamar ba zai kwana ba, ya tashi zaune, ya fara wawurar cokali, aka sallame su uwarsa na guɗa. Nan ne Auta ta buɗe baki ta faɗa wa Likita komai, har da jiƙon. Likita ta ce zawon ya wanke gishirin jikin yarinyar, zuciyarta ta yi rauni, amma za su ci gaba da ƙoƙari.

Daga gidan mutunci kuwa babu wanda ya leƙo. Uban ya kira sau ɗaya ya ce yana kan hanya, mota ce ta lalace.

Ranar awo ta zagayo. Da hantsi, ana goge ƙasan ɗakin, Auta na riƙe da ƙafar 'yarta tana murzawa, Ƙyalƙyal ta ja numfashi ta sauke, ba ta sake ja ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfinsa. Likita ta zo a guje, suka yi ta dannawa suna hurawa, can ta miƙe ta dafa kafaɗar Auta. Aka kira ni daga bakin ƙofa. Auta ba ta yi ihu ba. Ta cire robar hancin da kanta, ta goge mata fuska, ta naɗe ta a zanen goyonta.

Muna nan zaune wayarta ta yi ƙara. Na duba, Mai Shago ne. Ni na ɗauka.

"Yau ranar awo ce ko?" ya ce. Ko gaisuwa babu. "Inna ta ce sun hana ta wancan karon. Ai haƙƙin yarinya ne, ko tana kwance sai a tara mata kafin ta fito. Mata ake raina wa hankali. Yanzu zan zo da kaina."

Na jira ya ce yaya jikinta. Wallahi na jira. Da ya tambaya da na faɗa masa.

Na ce, "Zo."

Na faɗa wa Auta, na faɗa wa Sista. Sista ta aika a kira jami'in da ke kula da ƙorafin yara, ta koma teburinta ta ci gaba da awo.

Rumfar ta cika maƙil, mata har ƙasa, yara na kuka ta ko'ina. Sai ga shi ya shigo da gogaggiyar riga, kati a hannu ɗaya, jakar ledoji a ɗaya. Bai bi layi ba, shi da yake namiji mai shago. Ya tsallake ƙafafun mata ya isa teburin ya ajiye kati.

"Na zo karɓar na 'yar ƙanena."

Sista ba ta ɗago ba. "Ba ma bayarwa sai mun ga yaro."

"Ai tana wurinku. Ku kuka riƙe ta."

Ƙofar ɗakin kwanciya ta buɗe. Auta ta fito da ƙunshin zanen a hannu biyu. Duk uwar da ke wurin ta san bambancin yaron da aka rufe don sanyi da wanda aka rufe har fuska. Surutu ya ɗauke daga benci zuwa benci. Auta, wadda ban taɓa ganin ta haɗa ido da mutumin nan ba, ta taka har gabansa tana kallon tsakiyar idonsa.

"Yaya Babba, sun ce sai an ga yarinya," ta ce. "Ga ta."

Ta ɗora masa ita a ƙirji. Dole ya saki jakar ya tare. Ledoji suka watse a ƙasa, iska na jan su ƙarƙashin bencina. Ya buɗe baki, ya kalli zanen, ya kalli Sista, ya fara cewa, "Innalillahi... ai ba a faɗa min ba, ai ƙiba take..."

Nan na hau kan benci. Ban san lokacin da na hau ba.

"Mata, ku ɗago ku kalle shi! Ku kalle shi da kyau, kada ku manta fuskar. Ledar nan da kuka baro gidajenku tun asuba dominta, shi a shago yake sayar wa ƙatti. Ledojin nan da kuke gani a ƙasa, ba yarinyar nan ta sha su ba. Da ta fara warkewa suka ɗura mata jiƙo don kada a sallame ta. Da ta kumbura suka ce ƙiba ce, suka ɓoye ta. Yau ta cika, bai tambaya ba, jaka ya kawo!"

Na ɗauka za su rufe shi da duka, kuma da ban hana ba. Amma yana riƙe da gawa, babu wadda za ta ɗaga hannu. Abin da suka yi ya fi duka. Suka janye ƙafafunsu da 'ya'yansu, suka buɗe masa hanya siririya tun daga teburi har ƙofar fita. Kowace mace da ya wuce sai ta ce, "Allah ya isa." Ba da ihu ba, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, daga matan unguwarsu har waɗanda ba su san sunan garinsa ba. Rumfar nan doguwa ce. Ya nemi wanda zai miƙa wa ƙunshin, babu hannun da ya miƙo. Gumi ya jiƙa gogaggiyar rigar kafin ya kai rabi. Jami'in na tsaye a bakin ƙofa, ya ce masa ya je ya binne 'yar ƙanensa tukuna, sauran maganar tana jiransa.

Ta kuwa jira shi. An rufe shagon, magana tana gaban hukuma, shi da uwarsa suna ta sintiri. Matan da suka ga abin sun kai labarin garuruwansu, har na ji an ce yanzu duk shagon da aka ga ledar nan a cikinsa, mata ne ke fara kai ƙara kafin ma'aikata su ji. Wannan ya yi kyau, amma bai mayar da numfashin kowa ba, kuma ni bai rage min komai ba. Masu cewa in bar wa Allah, ai na bar masa, amma ina tuna masa kullum.

Auta ba ta koma gidan ba. Tana wurina, tana sa min maɓalli, ba ta cika magana ba. Direban ya iso bayan an share makoki, ya zauna a kujerar masu jiran ɗinki yana murza hula, ya ce haka Allah ya ƙaddara. Ta ci gaba da sa maɓalli har ya gaji ya tashi.

Daga baya mutanen gidan suka turo dattawa uku na unguwa. Suka yi doguwar nasiha a kan zumunci. Suka ce Tsohuwa ba ta barci, Mai Shago ba ya iya fita ƙofar gida, kuskure ne na rashin sani, sun ɗauka ƙiba ce. Suka ce abin da ake nema kawai Auta ta furta cewa ta yafe. Na cika na batse, na buɗe baki zan fara, sai Auta ta dafa min hannu. Ta ajiye allura.

"Baba, ni ba a hana ni abinci ba," ta ce wa babbansu. "Ni na ci shinkafarsu, na ƙoshi. Wadda aka hana, ita ke da yafiya. Sun san inda suka kwantar da ita. Su je su tambaye ta."